Mota mai turbo tana shan baƙin mai: tambayoyin da ake kawo mini gareji a Tawa

Na daɗe ina gyaran mota a nan Tawa. Tun da Hilux masu turbo da ƙananan motocin Turai suka yawaita a hannun mutanenmu, kukan da na fi ji shi ne, "Maigida, motar nan shan luwul take, kuma ba ta ɗiga." Luwul dai shi ne baƙin mai. Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin masu wannan kuka sai sun riga sun kashe kuɗi a inda bai kamata ba sannan su zo. Shi ya sa na tara tambayoyin da aka fi yi mini na amsa su a nan.

Shin duk raguwar baƙin mai ciwo ce?

A'a. Kowane inji yana ƙona ɗan mai, domin duk hawa da saukar da fistan ya yi sai ya bar ɗan maiƙo a bangon silinda, wuta kuma ta lashe shi. Tambayar ita ce nawa. Littafin motocin Volkswagen da Audi ya ce inji zai iya shan har rabin lita a kilomita 1,000 ba a kira shi maras lafiya ba. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, wato zuwa da dawowa sau ɗaya rabin lita ta tafi, kuma a wurin kamfani babu laifi. Ni ban yarda da wannan ma'auni ba. Iyaka ce da kamfani ya sa wa kansa don sanin inda zai ɗauki nauyin gyara, ba siffar lafiyayyen inji ba ce. Inji mai lafiya yakan kai lokacin bidanji, wato juyen mai, ba a ƙara masa komai ba, ko a ƙara ɗan kaɗan. In ya kai kana zuba lita guda kafin kilomita 2,000, ka fara bincike. In lita guda ce a 1,000, akwai abin da ya lalace.

Yaya zan san ainihin abin da take sha?

Da awo, ba da zato ba. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri bayan inji ya yi zafi, ka kashe, ka jira minti 10 mai ya koma kwanonsa. Ka zaro sandar awo, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Ka cika zuwa layin sama daidai, ka rubuta kilomitar da ke tablo. Bayan kilomita 1,000 ka koma wuri ɗaya, ka auna kamar yadda ka yi da farko, ka cika da kwalbar da ke da alamar awo a jikinta. Abin da ya shiga shi ne abin da ta sha. A yawancin motoci tazarar layin ƙasa da na sama wajen lita guda ce.

Wanda ya auna yau da safe inji a sanyaye, gobe kuma ya auna a kan gangare inji da zafi, zai ga mai ya ɓata alhali yana nan.

Me ya sa mai turbo ta fi maras turbo shan mai?

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta baya, ta gaba kuma tana cusa iska cikin inji da ƙarfi. Lokacin da inji ke juyi 2,500 a minti, sandar nan tana iya haura 150,000, kuma hayaƙin da ke bugun ta a injin fetur yana kaiwa digiri 900 ko fiye. Babu abin da ke riƙe da wannan sanda sai siririn maiƙon baƙin mai da take yawo a kansa. Man da ke cikin injinka shi ne dai ke zagayawa ta nan, ya shafe ta, ya ɗebe mata zafi, ya koma kwano. Duk zagayen da ya yi ta wurin nan sai ya dahu, sassansa marasa nauyi su zama tururi su bi iska.

Na biyu, iskar da ake cusawa tana ƙara ƙarfin fashewar wuta a kan fistan. Wannan ne ke ba ƙaramin inji ƙarfin babba, amma shi ne kuma ke sa iska mai yawa ta kuɓuce ta gefen ringi, zobban da ke jikin fistan waɗanda muke kira segma, ta sauka cikin kwanon mai. Dole a fitar da ita, kuma in za ta fita da hazon mai take fita. Na uku, masu ƙera injinan zamani sun sirantar da ringi sun rage masa matsi don mota ta rage shan fetur. Ringi mai laushi da ƙananan ramuka ba ya jure datti.

Sai ka ɗora namu a kai. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40 a inuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce. Mota da aka ƙera ana tunanin titin Jamus, ga ta ɗauke da buhunan albasa daga Galmi.

Makanike ya cire tiyon turbo ya nuna mini mai a ciki, ya ce sai sabon turbo. In saya?

Alhaji, dakata tukuna. A nan ne aka fi asarar kuɗi, kuma saboda wannan tambaya na zauna rubutun nan.

Ɗan maiƙo a cikin tiyon nan ba shaidar komai ba ne. Kusan kowace mota mai turbo da ta yi tafiya tana da shi, domin tiyon numfashin inji a gaban turbo yake zubo hazonsa. In mai ne kwance har yana tsiyaya, to akwai magana, amma ko a nan ba a gama shari'a ba. Mutane suna ɗauka akwai roba a cikin turbo da ke tare mai, in ta tsufa sai ya zuba. Babu roba, wace roba za ta rayu a wannan zafi? Ƙananan zobban ƙarfe ne, kuma aikinsu na farko shi ne hana iska da hayaƙi shiga tsakiyar turbo. Abin da ke hana mai fita shi ne iskar da ke bayan fankokin ta fi ta tsakiya ƙarfi, shi kuma man yana da buɗaɗɗiyar hanyar sauka. Famfo ne ke tura shi ciki, amma nauyinsa kawai ke mayar da shi kwano. Duk abin da ya ɓata wannan daidaito zai sa lafiyayyen turbo ya zubar da mai.

Abubuwan da ke ɓata shi kuwa sanannu ne. Filtar iska ta toshe da ƙura, turbo yana neman iska bai samu ba, sai ya zuƙo mai daga cikinsa. Bututun da ke mayar da mai ya lanƙwashe ko ya cushe da daskararren mai. Bawul ɗin numfashi, mai fitar da iskar da ta taru a kwano, ya mutu, ko ringi ya gaji, iska ta cika kwano ta hana mai sauka. An cika mai ya wuce layi har ya rufe bakin bututun. An bar mota tana silo, wato a tsaye inji yana aiki, sa'o'i don a sha sanyin na'ura, alhali a silo turbo ba ya tara iskar da za ta danne man. A duk waɗannan turbo ne ake kamawa da mai a baki, amma ba shi ya yi satar ba.

Wani direba da ke jigila tsakanin Tawa da Abalak ya taɓa kawo mini Hilux da aka sa wa turbo sau biyu cikin shekara guda a wani gareji. Na buɗe akwatin iska na tarar da filta ta zama kamar bulon laka, bututun mayar da mai kuma an shafe bakinsa da gam har ramin ya ragu. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Na ji zafin abin sosai, domin mutumin bashi ya ci ya sayi na biyun.

Kafin ka yarda, ka sa a cire tiyon gaba inji a kashe, a kama sandar da yatsa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, domin wurin mai ne. Amma in fanka tana taɓa bango, ko sandar tana shiga tana fita, ko fukafukan sun gutsure, ko motar tana kuka kamar jiniya, to turbo ya gama. Ko a lokacin sai an nemo abin da ya kashe shi. Kuma in za a ɗaura sabo, a canza bututun da ke kawo masa mai, a wanke na mayarwa, a sauke lagireton iska da ke gaba, mai sanyaya iskar da turbo ke cusawa, a tsiyaye man da ya taru a ciki, a yi bidanji da sabuwar filta, a ɗura mai a cikin turbon da hannu kafin a tayar. Kada a sa gam ko kaɗan a bakin bututun mai.

Ba ta ɗiga, ba ta hayaƙi. To ina man yake zuwa?

Ƙonewa yake. Tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansa tana cinye shuɗin hayaƙin kafin ya fito, har ranar da ita ma za ta toshe. Ka sa yatsa a bakin salansa in ya huce, in ka ji baƙin maiƙo mai danƙo, shi ke nan. A injin fetur a zaro buji a duba, wanda ya yi ɓawon toka shi zai nuna silindar da ke sha. A kuma leƙa ƙarƙashi, domin murfin roba da ke ƙasan inji yana tare ɗigo, yashi ya shanye shi.

In hayaƙin yana fita, lokacin fitarsa yana ba da labari. Shuɗin hayaƙi da safe wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, ko bayan an sauko gangare an sake taka totur, yawanci robobin bawul ne suka bushe. Wanda ke ƙaruwa in an ɗora kaya ana hawa, a tuhumi ringi. Wanda ke tuttuɗowa bayan doguwar silo, robobin bawul ko turbo. Baƙin hayaƙi maganar gazuwal ce ko ƙarancin iska, farin da ba ya yankewa kuma yawanci ruwa ne.

Abu ɗaya da makanikai da yawa ba su lura da shi ba: ana iya gwada matsin silinda a same shi lafiya lau, amma injin yana sha. Ringin sama ne ke riƙe matsi, na ƙasa ne ke kankare mai, kuma shi ne ke fara maƙalewa.

Mene ne wannan bawul ɗin numfashi da kake ta ambata?

Shi ne masu Faransanci ke kira renifilar. Yana fitar da iskar da ta taru a kwano, ya raba ta da mai, ya mayar da man, ya tura iskar a ƙona. A injinan fetur masu turbo akwai faifan roba a cikinsa, zafi yana busar da shi ya tsage. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura: inji yana silo, ka gwada buɗe murfin zuba mai. Ɗan tsotso daidai ne. In murfin ya ƙi ɗagowa kamar an manne shi, ko kana jin fito, faifan ya yage. A injin gazuwal kuma, in ka buɗe ka ga yana busa hayaƙi da ƙarfi, matsi ya yi yawa a ƙasa. Daga wannan bawul nake fara bincike kullum, domin kuɗinsa bai kai kusa da na turbo ba.

Akwai injinan da suka fito da ciwon tun daga kamfani?

Akwai, kuma mai sayen mota ta hannu ya kamata ya san su. Injin 1.8 da 2.0 TFSI na Audi da Volkswagen na wajen 2008 zuwa 2011 an yi masa ringin mai da ƙananan ramuka masu saurin toshewa. Har kotu aka je a Amurka a kan A4 da A5 da Q5, kuma maganinsa na gaskiya shi ne sabbin fistan da ringi. Injin 1.2 TCe na Renault, wanda ke cikin wasu Dacia da Nissan ma, ƙungiyar kare masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta yi ƙorafi a kansa a 2019 saboda shan mai da ke kai ga bugawar inji. A gidan Peugeot da Citroën akwai 1.6 THP mai matsalar bawul ɗin numfashi da robobin bawul, da 1.2 PureTech wanda bel ɗinsa ke gudu a cikin mai, in ya fara ruɓewa ɓarɓashinsa ya toshe rariyar famfo. Shi kuma 1.6 HDi yana da ƴar rariya a cikin kusar bututun man turbo, in ta cushe turbo ya mutu da ƙishirwa. Injin V8 na BMW mai suna N63 an dasa masa turbo biyu a tsakiyar inji, zafinsu yana gasa robobin bawul.

Don kada a ce turbo ne kaɗai, injin Toyota 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 ba shi da turbo, kuma ya yi suna wajen shan mai saboda fistan ɗinsa.

Hilux ɗinmu fa?

Injinan 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 suna da juriya, amma akwai wurin da nake so a riƙa dubawa: wasar tagulla da ke ƙarƙashin injekta. In ta saki, hayaƙi yana hawa ya gauraya da mai, ya zama baƙin ƙullutu, ya toshe rariyar da famfo ke zuƙa. Daga nan turbo ne ke fara jin yunwar mai. Waɗanda suka saba da tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ, wanda ba shi da turbo kuma yana yafe sakaci, su ne suka fi shan wahala, domin suna riƙon sabuwa da hannun tsohuwa.

In koma 20W-50 tunda garinmu da zafi?

Ga tsohuwar 504 ko tsohon inji da ya saki, babu laifi. Ga injin turbo na zamani ban ba da shawara ba. Hanyoyin mai a cikinsa ƙanana ne, mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe, kuma yawancin 20W-50 da ke kasuwa ba irin man da ke jure zafin turbo ba ne, yana daskarewa ya ƙara toshe ringin da ake kuka da shi. Za ka ga shan ya ragu wata biyu, sannan ya dawo da ƙarfi. In littafin motar ya ba da zaɓi tsakanin 5W-30 da 5W-40, a zafinmu ni 5W-40 nake ɗauka. Kuma a duba lambar da kamfani ya nema a bayan galan, kamar VW 502 00 ko ACEA A3/B4, ba kauri kawai ba. Ƙananan injinan fetur masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda suna son API SP, wanda ya fito a 2020, domin yana rage wata muguwar fashewa kafin lokaci da ke fasa fistan, kuma ɗigon mai a ɗakin wuta yana cikin abin da ke tayar da ita.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya fa?

Kada ya shiga motarka. Ba ka san abin da ke cikin duron ba, kuma galan mai kyawun takarda ma ana sake cika shi. Ka duba hatimin murfi, ka saya inda za ka iya komawa, ka tsaya a zuba a gabanka, ka huda galan in ya ƙare.

Bidanji a kilomita nawa?

Littattafan Turai suna cewa 15,000, wasu har 30,000. Can ƙasan wannan lamba akwai wani shafi da ba a karantawa, na aiki mai tsanani: ƙura, zafi, kaya, yawan silo, gajerun tafiye-tafiye. Duk mu ne. Ni a kilomita 5,000 nake juye wa mai shiga daji, mai bin kwalta da man kirki kuma kada ya wuce 7,500, tare da filtar mai kowane karo. Filtar iska a hunturu a duba ta duk mako biyu. Masu busa ta da iska mai ƙarfi suna huda takardar ba su sani ba, ƙurar da ta wuce kuma tana cin fukafukan turbo da bangon silinda kamar sanfefa. In ta cika, a sa sabuwa.

Da gaske ne ba a kashe ta nan take bayan tafiya?

Da gaske ne. In ka taho daga Ƙonni a guje ka kashe da isowa, mai ya tsaya, zafi bai tsaya ba, ɗan man da ya rage a kan sanda sai ya soye ya zama gawayi. Ka sassauta a kilomitocin ƙarshe, ka ba ta minti ɗaya ko biyu kafin ka murɗa makulli. Da safe ma kada ka taka totur da tashi.

Na ji an ce injin gazuwal yana iya tashi da kansa ya ƙi mutuwa. Me mutum zai yi?

Yana faruwa, kuma abin tsoro ne. In turbo ya saki mai da yawa, ko man da ya taru a lagireton iska ya kwararo, injin gazuwal yana ƙona shi kamar gazuwal. Sai ya hau ihu, hayaƙi ya turnuƙe, ka zare makulli bai san ka yi ba. In mai giyar hannu ce, ka taka birki iya ƙarfinka, ka ja na hannu, ka sa giya mafi girma, ka saki kuloci a take don ya shaƙe. In ba haka ba, a toshe bakin shan iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba. In bai yiwu cikin ƴan daƙiƙoƙi ba, a fitar da fasinja kowa ya yi nisa. Injin da aka samu ya mutu, kada a sake tayar da shi sai an gyara an wanke hanyar iska.

Ba ni da kuɗin sauke inji yanzu. In riƙa ƙarawa kawai?

Za ka iya na wani lokaci, in shan bai kai lita a kilomita 1,000 ba kuma fetur ce. Ka ajiye lita guda a bayan mota, ka auna duk lokacin da ka sha fetur. Amma ka sani toka tana taruwa a buji da bawul, tukunyar salansa tana mutuwa a hankali, kuma ƙari ba ya maye gurbin bidanji. Jar fitilar buta da ke tablo ba cewa take mai ya ragu ba, cewa take matsin mai ya faɗi. In ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe nan take. Magungunan kwalba masu hana hayaƙi kauri kawai suke ƙara wa mai, ba na zuba su a injin turbo.

Zan sayo mota ta hannu a Yamai. Me zan duba?

Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbata ba a riga an ɗumama shi ba, ka tsaya a baya a tayar a gabanka. A bar ta tana silo minti 10, sannan a taka kana kallon salansa. Ka buɗe murfin mai ka haska ciki, in ka ga baƙin ɓawo kamar ƙanzo, an daɗe ana wuce lokacin bidanji. Ka sa makanikenka, ba na dillali ba, ya cire tiyon turbo ya taɓa sandar, ya zaro buji. Injin da aka wanke fes ana gab da zuwanka, ka tuƙa shi kilomita 20 ka sake leƙa ƙarƙashinsa. Lambar injin kuma tana buge a jikinsa, ka karanta ta da idonka ka gwada da waɗanda na lissafa a sama kafin ku zauna ciniki.